Formasiyon rubuta artikil da neman burs da ake yi a nan Damagaram, ya cancanci jika 25 ɗin?

Tun da na sa hoton atestasiyo ɗin nan a situ mutane ke ta damuna a wasap, wai ina aka yi, nawa ne, da amfani ko ɓarnar kuɗi ce kawai. To gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Amsa a gajarce ita ce ya cancanta, amma ga wanda ke da wani abu a hannu, ko done, wato bayanan da ya riga ya tattaro daga tere, ko memuwar da ya riga ya yi sutnas ɗinsa yana so ya mai da shi artikil. Wanda zai je hannu rabbana don kawai ya ƙara takarda ɗaya a cikin dosiye, wallahi ya riƙe kuɗinsa ya sayi forfe da su, sun fi masa amfani.

Ba zan faɗi sunan wurin ba, kar a ce talla nake yi ko kuma ɓatanci, wanda ke so ya tambaye ni ta gefe. Wata ƴar santar ce mai zaman kanta a cikin gari, gaba suna fotokopi da buga memuwar da ɗaure shi, baya kuma akwai sal ɗaya da suke yin formasiyo. Asabar da lahadi ake yi, safe zuwa azahar, kusan wata guda. Masu koyarwa biyu ne, wani Dokta da ya yi tes ɗinsa a waje ya dawo, da wani matashi mai kula da ɓangaren lissafi da ordinatar. Mu da muka zauna yawanci ƴan mastar ne daga jami'ar André Salifou, sai ƴan doktora da suka yi rajista a Abdou Moumouni ta Yamai amma aikinsu na tere yana nan yankin, da wasu da suka taso daga Maraɗi, da ma'aikatan lafiya kaɗan. Ni dai aikina kan gawo ne da hatsin da ke fitowa ƙarƙashinsa, wajen Matamai da Magarya.

Sal ɗin kam sai haƙuri. Bantilato biyu ne, ɗaya ma sai an tura shi da sanda yake tashi, kuma in kuran ya ɗauke sai a jira a tada gurup, shi kuma gurup ɗin ƙararsa ta fi muryar mai koyarwa. Furiz huɗu ne kacal ga mutum sama da ashirin, kowa da ordinatar ɗinsa da batirinsa ya mutu tun tuni, don haka ka zo da ralonj ɗinka in ba haka ba za ka sha kallo. A afish sun rubuta akwai wifi, akwai shi kam, amma da mutum biyar sun hau ya kwanta, ƙarshenta kowa da wayarsa ya riƙa raba koneksiyo. Paz kafe kuma shayi ne da burodi, ba wanda ya yi ƙorafi, ba ci ya kawo mu ba.

Abin da ya sa na ce kuɗin bai tafi a banza ba shi ne jan biron Dokta. Mutumin nan ba ya tsayawa yana karanto silaid, ranar farko ya ce kowa ya turo masa shafi biyu na rubutunsa, ya zaɓi wasu ya haska a bango da projekta, ya cire sunaye, aka shiga fiɗa a gaban kowa. Ya ce ƙannena, kusan dukanku cuta ɗaya ke damunku, kuna fara antirodiksiyo da cewa Nijar ƙasa ce ta Sahel mai faɗin kilomita murabba'i 1 267 000, kashi biyu cikin uku hamada, sai ku yi shafi uku ba ku faɗi tambayar da kuke son amsawa ba. Mai karanta rebi, wato mujallar kimiyya da ake buga artikil a ciki, ba ya neman darasin jeyogarafi, so yake ya san me aka riga aka sani, me ya rage ba a sani ba, kai kuma me ka zo da shi, sakin layi uku ko huɗu sun isa. Duk sal aka yi dariya don kowa ya ga kansa, ai haka muka gada, memuwar ɗin yayyenmu muka buɗe muka bi sawu.

Daga nan ya bi da mu tsarin artikil, gabatarwa, kayan aiki da hanya, sakamako, tattaunawa, amma ba da wannan jerin ake rubutawa ba in ji shi. Ka fara da tablo da figir ɗinka, ka zaɓi uku ko huɗu da ke ɗauke da labarin, ka rubuta sakamako a kansu, sannan hanya, sannan tattaunawa, gabatarwa da rezime su ne na ƙarshe. Kuma memuwar mai shafi 70 ba a matse shi ya zama artikil, tambaya ɗaya ake cirowa daga ciki a bar sauran. Wannan ya yi wa mutane zafi, don wanda ya sha rana a gonakin Kance yana auna kaurin itace ɗaya bayan ɗaya ba ya son a ce ya ajiye rabin abin da ya tara. A nawa rubutun ya ja layi ƙarƙashin wata jimla da na ce gawo na ƙara albarkar gona ƙwarai, ya rubuta a gefe, ƙwarai nawa? kilo nawa a eka, an kwatanta da me, a gona nawa? Ya ce duk inda ka ga ka sa ƙwarai ko sosai ko matuƙa to adadi ne ya kamata ya zauna a wurin. Tattaunawa ma ya hana mu irin ta sakamakonmu ya yi daidai da na wane, ya saɓa da na wane, shikenan a wuce. In ya saɓa, me ya sa? ƙasar ce ba iri ɗaya ba, ruwan saman shekarar ne, ko yadda aka auna ne? Nan ne ake gane ko mutum ya fahimci aikinsa.

Wannan gyaran da ake yi wa rubutunka kai kanka shi ne abin da ba ka samu kyauta a intanet, kuma mu faɗi gaskiya ankadara ɗinmu ba su da lokacinsa, malami ɗaya da etidiya rututu ga kur ga jarabawa ga tafiye-tafiye, in ya karanta maka sau ɗaya kafin sutnas ka gode Allah.

Sauran kayan da aka koya mana kusan duk kyauta suke, wanda ke da haƙuri da koneksiyo zai iya koyonsu shi kaɗai, sai dai da yawanmu ba mu ma san da su ba. Zotero shi ya fi burge mutane. Manhaja ce ta tara referans, kyauta, tun 2006 take, daga jami'ar George Mason ta Amurka ta fito. Ka sa mata DOI, wato lambar shaidar artikil, ta jawo sunayen marubuta da shekara da rebi da shafuka da kanta, kana rubutu a Word ko LibreOffice ka danna ta saka sitasiyo, a ƙarshe ta jera maka bibliyogarafi, in rebi ta ce salonta daban ne ka canza da danna ɗaya. Wata ƴar'uwa da ke gefena, malamar asibiti ce, ta dafe kai ta ce yanzu duk dararen da ta yi tana gyara waƙafi da digo a referans sama da ɗari ashe wahalar banza ce. Suna ba da wurin ajiya na mega 300 kyauta a intanet, PDF na cika shi da wuri, don haka Dokta ya ce a bar fayilolin a ordinatar a riƙa kwafewa a kile. Ya kuma ja kunne cewa Zotero abin da ka ba ta shi take maido maka, in sunan marubuci ya shigo a karkace haka zai fita, sai ka duba.

An sa kowa ya buɗe ORCID nan take, lamba ce mai alamomi 16 da ke zama shaidarka ta mai bincike, kyauta, tun 2012 aka fara ta, rebi da yawa yanzu suna tambayarta wajen tura artikil. Mu nan ta fi mana amfani fiye da kowa, don sunayenmu Musa Ibrahim da Abdu Isufu sun yi yawa, kuma yau a rubuta ka Mahamadou gobe Mahamadu jibi a juya sunan uba ya koma naka. Shawararsa ita ce ka zaɓi yadda za a rubuta sunanka tun artikil na farko ka tsaya a kai har ka mutu.

Sai Research4Life, wanda ni a ganina shi kaɗai ya isa a yi zama guda a kai amma aka bi ta kansa da gudu. Tsari ne da ke ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta rebi masu tsada, Hinari na lafiya da OMS ta fara a 2002, AGORA na noma tare da FAO a 2003, OARE na muhalli a 2006, daga baya aka ƙara ARDI da GOALI. Nijar tana rukunin da ba a biyan ko dala. Amma ba mutum ɗaya ke rajista ba, ma'aikata ko jami'a ce ke yi, sai ka je wajen mai kula da bibliyotek ka nemi hanyar shiga. Santar ɗin ba ta da nata, don haka a bango kawai muka ga hotonsa, ba mu taɓa shi da hannu ba, wannan kam ragi ne. An nuna mana AJOL kuma, inda rebi na Afirka suke taruwa tun 1998, da Google Scholar da yadda ake sa alert.

Zaman da ya fi tada hankali shi ne na rebi ƴan damfara. Kowa a sal ɗin ya taɓa samun mel ɗin nan mai kiransa babban farfesa alhali ko mastar bai gama ba, a ce turo artikil a buga cikin kwana uku, biya dalar Amurka kaza. Dokta ya ce ba rebi ta gaskiya da za ta aika wa masu duba aiki su karanta su maido cikin kwana uku, wata da watanni ake yi, kuma in ba a dawo maka da gyara ko ɗaya ba to ba wanda ya karanta. Ya nuna yadda ake bincike, a duba ko tana cikin DOAJ, kundin rebi na buɗaɗɗen karatu da aka fara a jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, ko Scopus, shi ma wani kundin rebi ne, kuma a je can ɗin a duba da ido, kar a yarda da tambarin da suka liƙa a shafinsu don ƙarya suke sawa. A duba su wa ke komite, a ga ko mutanen sun san ma an sa sunansu. Ya ambaci jerin Beall da aka daɗe ana dogara da shi, mai shi ya sauke shi a farkon 2017, da kuma shafin Think. Check. Submit. mai tambayoyin da za ka bi. Wani ɗan doktora ya ɗaga hannu ya ce ranka ya daɗe to wanda ya riga ya buga biyu a irin waɗannan fa? Dokta ya yi shiru kaɗan ya ce ƙanena sun tafi, ba ka iya sake buga su a wani wuri, ka sa himma kan na gaba. Ba daɗin ji amma gara a faɗa maka yanzu da ka ji shi ranar da dosiyenka ya dawo.

A nan ne ya haɗa zancen da CAMES, tsarin ƙasashen Afirka da Madagaska mai kula da ilimi mai zurfi, wanda duk mai son zama malamin jami'a ko mai bincike a ƙasashenmu sai ya bi ta ƙofarsa. A Yamai ma aka kafa shi a 1968, mazauninsa na Wagadugu. Ya zana mana tsanin a allo, asistan, metir asistan, metir da konferans, farfesa titiler, su kuma ƴan cibiyoyin bincike irin INRAN ta binciken noma nasu sunayen daban ne, sharje, metir, da diraktan bincike. Kowane mataki da dosiye ake hawansa, kuma ana duba inda ka buga da matsayin sunanka a jerin marubuta, ba yawan takardu kawai ba. Shi ya sa ya ce maganar wa zai zo farko a artikil a yi ta tun kafin a fara rubutu. Na san abin da wuya a wajenmu, yaya za ka dubi malamin da ya riƙe ka ka ce Malam sunana ne farko? Ya ba da dabara, ka tura masa tsarin artikil ɗin da jerin sunaye a sama, naka farko nasa ƙarshe tunda a fannoni da yawa na ƙarshe kujerar babba ce, ka ce Malam a duba mini ko haka ya yi. In da magana za ta fito tun lokacin. Ya kuma hana saka sunan aboki don zumunci, wai sa ni in sa ka.

Kan kuɗin bugawa ya ce kar adadin da ke shafin rebi ya firgita mu, manyan kamfanonin bugawa da yawa suna yafe wa marubutan ƙasashen da ke rukuninmu ko su rage, amma sai ka nema tun wajen turawa, ba bayan an karɓa ba. Kuma akwai rebi masu mutunci da ke karɓar Faransanci, irin Cahiers Agricultures da Bois et Forêts des Tropiques ga mu ƴan noma da daji.

Yanzu ɓangaren da bai gamsar da ni ba, lissafi. A afish an rubuta manhajoji uku, R ta lissafi da QGIS ta taswira da KoboCollect ta cika anket a waya, abu uku da kowanne shi kaɗai ya isa formasiyo guda. Yaron da ke koyar da lissafin ya iya abinsa ba shakka, amma gudu yake kamar ɗan kabu-kabun da ya hango hadari, yana buga kod a bango muna kwafa, wanda ya ɓace a layi na uku ya ɓace kenan har a tashi. Rabin zaman farko ma wajen saka manhajar ya tafi saboda rezo, alhali da an ce mu zo da ita a sake, ko a raba a kile. An nuna ANOVA, wato gwajin kwatanta rukunoni, da yadda ake karanta adadin p da ke fitowa in ya yi ƙasa da 0,05, amma ba a tsaya kan abin da ke kashe ayyukanmu ba, wato yadda aka tsara ɗaukar samfur tun farko. Mutum ya auna itace talatin a gona ɗaya ya ce yana da maimaici talatin, alhali gona ɗaya ce, ba manhajar da za ta gyara wannan. Na tambaya, ya ce sai a mataki na biyu, wanda shi ma da kuɗinsa. Wannan bai yi mini daɗi ba.

Abu ɗaya da na ɗauka a wajensa mai amfani shi ne tsabtar Excel. Layi ɗaya abu ɗaya da aka auna, kolon ɗaya bayani ɗaya, ba haɗe akwatuna, ba sa launi ya zama shi ne bayanin, ba rubuta 12 kg a cikin akwati, 12 kawai, kilo ɗin ya tafi can sama. Da matsalar waƙafi, Excel ɗinmu na Faransanci 2,5 yake rubutawa, R kuma 2.5 ya sani, shi ya sa fayil ke shiga a hargitse, sai ka kira shi da read.csv2 maimakon read.csv. Ƙaramin abu ne amma ya hana mutane barci. KoboCollect kuma mintoci kaɗan aka ba shi, an dai ce yana aiki ba rezo, ka cika anket ɗinka a ƙauye in ka dawo gari ka tura. QGIS ko buɗe shi ba a yi ba.

Zaman ƙarshe na burs ne da seve da wasiƙa. Ya ambaci TWAS, akademin kimiyya da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1983, tana da burs na doktora zuwa wasu ƙasashe masu tasowa, da OWSD ta mata zalla, da DAAD ta Jamus. Bai yi wa kowa alkawari ba, kuma na ji daɗin haka, don akwai masu formasiyo da ke nuna kamar biza na aljihunsu. Ya ce yawancin dosiye ba rashin ƙoƙari ke kashe su ba, latti ne, an ga sanarwa saura sati ɗaya, fasfo ya mutu, ba a yi legalize na diplom ba, ba a fassara relebe ba, malamin da zai rubuta wasiƙar shaida yana tafiya. A haɗa waɗannan tun babu sanarwa. Mel zuwa ga farfesan waje kuma kar ya wuce layi goma, ka nuna ka karanta aikinsa guda ɗaya da gaske, ka faɗi tambayarka da done da ke hannunka, ka liƙa seve mai shafi biyu. Gaisuwarmu ta ina kwana ina gajiya ina iyali a bar ta gida, da roƙon a taimaka mini don Allah ni talaka ne, ba abin da yake nema kenan ba. Ya ce abin da muke da shi wanda su ba su da shi shi ne tere da harshe, kai ne za ka zauna da manomi a Dungas ya gaya maka abin da ba zai gaya wa baƙo ba, wannan shi za ka sa a gaba.

Ingilishi kam ya ce ba makawa, ko ba ka rubutu da shi dole ka iya karanta shi. Ya yarda a yi amfani da DeepL ko ChatGPT wajen gyara harshe, amma ya nuna mana a bango yadda ChatGPT ya ƙirƙiro referans da sunan marubuci da shekara da komai, aka nema babu shi a duniya. Duk referans da ba ka buɗe da idonka ba kar ya shiga aikinka.

Mata shida ko bakwai ne a cikinmu, kuma lokacin safe ya yi musu daidai, amma masu goyo sun sha wuya don ba inda za a keɓe, ya kamata masu wurin su duba wannan, ɗakin ajiyar takardun nan na gefe ma ya isa.

Atestasiyo ɗin kanta kyakkyawa ce da hatimi da komai, sai dai ba diplom ba ce, ba wata hukuma da ta san da ita, layi ɗaya ce a seve. Jika 25 kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne ga etidiya mai jiran burs, sun dai yarda a biya kashi biyu, kuma in kun zo ku biyar tare ana ragi, ku tambaya don ba su faɗa sai an tambaya. Sun buɗe mana gurup na wasap bayan an gama, Dokta ya yi alkawarin duba artikil ɗin kowa sau ɗaya kyauta, nawa yana wajensa yanzu, ya ce layi ne. In za ku je zagaye na gaba ku saka R da RStudio da ake buɗe R a cikinta da Zotero tun daga gida, ku zo da fayil ɗinku na Excel da shafi biyun da kuka fi jin kunyar a gani, ku kama kujerar gaba kusa da furiz, kuma tun ranar rajista ku tambaya ko QGIS ɗin nan za a yi shi da gaske ko a afish kawai yake.